Injin Iska Mai Wat 1000 a Gonar Kajina: Abin da Na Gani Cikin Hunturu Biyu

Injin ƙyanƙyasar da nake da shi ƙwai 1,056 yake ɗauka, kuma ba ya son wasa da zafi. Digiri 37.5 yake so dare da rana, kwana 21 in na kaji ne, kwana 28 in na zabi ne. Idan wuta ta ɗauke na awa ɗaya ko biyu babu damuwa, ƙwan yana riƙe ɗuminsa. Amma ta ɗauke tun tsakar dare har hantsi, sau biyu sau uku a jere, to sai dai ka jira ranar ƙyanƙyasa ka ga abin da ya rage maka.

Haka ta faru da ni a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance tun kafin nan saboda an lalata shi, sai kuma na Ugwuaji zuwa Apir, wanda ake lallaɓawa da shi, shi ma ya samu matsala. Gonata tana bayan garin Katsina, ta hanyar Kano. Ina da farantan sola huɗu a lokacin da tsofaffin batura masu ruwa, ina da ƙaramin janareta, litar fetur kuma ta haura naira dubu. Baturan ba sa wuce ƙarfe biyu na dare. A dare na shida janaretan ya buga. Ranar da ya kamata in kwashe 'yan tsaki kusan ɗari tara, 310 na ƙirga. Sauran na zauna ina fasa su ɗaya bayan ɗaya don in ga inda suka tsaya. Da yawa sun gama haɗuwa tsaf, ga gashi ga baki, kai a lanƙwashe ƙarƙashin fiffike, sun mutu saura kwana biyu ko uku su fito. Wanda bai taɓa jin warin ba ba zai gane ba. Rami muka tona muka binne.

Daga nan na rantse sai na nemi wutar da ba ta jiran kowa. Na sayi batirin litiyam mai cin yunit biyar, na ƙara farantai biyu suka zama shida, kowanne wat 550. Sannan na sayi abin da nake son in ba da labarinsa yau, wato injin iska, wanda wasu ke cewa fanka mai ba da wuta.

Sha'awar abin ta daɗe a raina. Duk wanda ke bin hanyarmu ya san dogayen ƙarafunan Lambar Rimi, guda 37, kowanne tsayin mita 55 da fuka-fukai biyu a kansa. Tun Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka fara maganarsu, gwamnatin tarayya ta karɓi aikin, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa. Kowane inji kilowat 275, a haɗe megawat 10. A Disambar 2012 aka sace injiniyan Bafaranshe da ke aikin a garin Rimi, daga nan abin ya koma tafiyar hawainiya shekara da shekaru. Duk lokacin da na wuce ina kallonsu sai in ce a raina, tunda har masana suka zaɓi nan, ai iskar da ke kaɗa mini rufin ɗakin kaji ba ta banza ba ce.

A wani shago a Kano na same shi. Mai shagon ya ce mini, "Alhaji, rana tana faɗuwa, iska kuwa ba ta faɗuwa. Da daddare wannan zai riƙe maka batir." Wannan maganar ce ta sa na zaro kuɗi, kuma ita ce ta fi komai zama ba daidai ba, kamar yadda zan yi bayani.

A kwalin akwai kan injin, mai nauyi sosai, sai da mu biyu muka ɗaga. Akwai farfela uku farare, kowacce ta ɗan haura mita ɗaya, da wutsiya mai juya shi ya fuskanci iska, da kwantirola mai daidaita wutar da ke shiga batir, da wata hita a cikin ragar ƙarfe wadda aikinta ta shanye rarar wuta in batir ya cika. Takardar bayani shafi huɗu ce, rabi da rubutun Sin. Babu turke. Wannan ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya yi ciniki: naira 460,000 na biya kuɗin injin da kwantirola, amma kafin ya tsaya da ƙafarsa sai da na ƙara kusan 300,000. Bututun ƙarfe mai kauri na mita tara, wayoyin ɗaure huɗu, siminti, waya mai kauri ta mita arba'in, sandar tagulla da aka binne saboda tsawa, ga kuɗin mai walda da na mai haɗa wuta. Mai waldar ya yi mini dabara ɗaya da nake gode masa har gobe. Ya yi wa gindin turken maɗauri irin na ƙofa, yadda mutum huɗu za su iya kwantar da shi ƙasa da igiya. Ya ce haka na Lambar Rimi suke, ana iya kwantar da su in za a yi gyara, kuma gaskiyarsa ne.

Ranar da muka tayar da shi yara suka cika bakin gona. Da ya fara juyawa har tafi suka yi. Ni kuwa ina tsugune gaban mita ina jira in ga 1000. Abin da na gani 40 ne, ya hau 70, ya sauko 25.

Ƙanena ya karanci injiniyan lantarki, shi na kira a waya ina faɗa, na ce an sayar mini da jabu. Ya ce, "Yaya, duba takardar, a wane gudun iska suka ce zai ba da wat dubun?" Na duba, mita 12 a daƙiƙa ɗaya. Ya ce wannan iska ce mai ɗauke hula daga kai ta kuma sa manyan rassa rawa, ba wadda ake samu kullum ba. Sannan ya faɗa mini abin da da na sani tun farko da na yi lissafi daban. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudun ya ragu da rabi, wutar ba rabi za ta koma ba, kashi ɗaya cikin takwas za ta koma. Wato injin da ke ba da 1000 a gudun 12, a gudun 6 kusan 125 zai bayar. A gudun 3 kuwa juyi kawai yake yi na ganin ido. Saboda haka injin ba jabu ba ne. Lambar da ke jikin kwalin gaskiya ce, amma gaskiyar wata iska ce da ba ta cika zuwa gonata ba.

Tun daga ranar na ware littafi. Kullum bayan sallar magariba ni ko yaron gona mu rubuta yunit nawa sola ta bayar, nawa iska ta bayar, batir yana kashi nawa. Duk abin da zan faɗa daga wannan littafin yake.

A Disamba da Janairu da Fabrairu injin yana aiki. In aka haɗa aka raba, wajen yunit ɗaya yake ba ni a rana, ranar da buji ya taso sosai ya haura biyu. A Maris da Afrilu ya ja baya, sai dai guguwar tsakar rana ta zo ta fizge shi na minti biyu ta wuce. Farkon damina, Mayu zuwa Yuli, iskar kudu maso yamma tana ɗan taimakawa, rabin yunit zuwa ɗaya. Daga Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba kuwa akwai makonnin da shafin iska babu komai sai sifili da ɗigo ɗaya ko biyu. Farantin sola guda ɗaya, wanda kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na kashe a kan injin ba, yana ba ni fiye da yunit biyu kusan kowace rana. Wannan shi ne lissafin a fili. Da yawan wuta kaɗai nake nema, da farantai zan ƙara, ba na ko tantama.

Amma ba yawa nake nema ba. Ni dare nake nema, kuma a nan ne abin ya fi ba ni mamaki.

A hunturun farko na riƙa tashi ƙarfe uku na dare ina duba injin ƙyanƙyasa. Sanyi yana ratsa rigar sanyi, hitar cikin injin tana kunnuwa ba hutawa, batir yana sauka. In na haska tocila sama sai in ga farfelar a tsaye cik, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Haka za ta tsaya har asuba. Sai wajen ƙarfe takwas, rana ta ɗan ɗaga, ka ji ta fara wannan shuu ɗin nata. Tara zuwa sha ɗaya tana gudu kamar za ta tashi sama. Da azahar ta lafa, da la'asar sakaliya ta kwanta. Kwana bayan kwana haka. Wato iskar tana zuwa ne daidai lokacin da rana ta riga ta kama aiki, tana tafiya lokacin da nake matuƙar buƙatarta.

Ƙanena ya ce ba laifin gonata ba ne, haka yankinmu yake. Da daddare a rani ƙasa tana yin sanyi, iskar da ke kusa da ita ta yi nauyi ta kwanta, ita kuma mai ƙarfin ta koma can sama, ɗaruruwan mitoci, tana gudu ba abin da ya tare ta. Da safe in rana ta ɗumama ƙasa sai ta sama da ta ƙasa su cakuɗe, ƙarfin ya sauko mana. Shi ya sa ƙurar hunturu ta fi tashi da hantsi. Ya ce manyan injinan zamani masu tsayin mita ɗari ko fiye suna taɓa gefen waccan iskar ta dare, nawa mai mita tara kuwa yana cikin kwantacciyar. Duk manomin da ya taɓa sheƙe gero ya san da wannan, mata ba sa fita shiƙa da tsakar dare ko da asuba, hantsi suke jira. Ni ne ban haɗa wannan sanin da maganar mai shago ba.

To ina amfaninsa? Akwai, kuma ba zan ɓoye ba, don zalunci ne in faɗi aibu in bar alheri.

A tsakiyar Janairun 2025 an yi kwana uku ana hazo mai kauri. Rana ta koma kamar farin faranti, kana iya kallonta ido da ido. Ƙura ta kwanta a kan farantai, mu share da safe, kafin azahar ta dawo. Sola ta ba da ƙasa da rabin abin da ta saba, wutar layi kuma ba ta zo ba ko sau ɗaya. A kwanakin nan uku injin iska ya ba da 2.3 da 2.6 da 1.9. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma shi ya sa batir ya shiga dare yana kashi 80 maimakon 45. Ƙarfe biyar na asuba na duba, saura kashi 14, injin ƙyanƙyasa yana kan 37.5 ɗinsa. Ban tada janareta ba. Ƙwan da ke ciki a lokacin sun kai kwana 17, daidai lokacin da na rasa na Oktoba. Na kwashe 'yan tsaki 780 da 'yan kai. Na tsaya a bakin tire ina jin kukansu, na yi hamdala. Abin da ya hana rana aiki, wato buji, shi ne ya kawo iskar. Wannan saɓanin da ke tsakaninsu shi ne ainihin abin da na saya, ko da yake ba shi aka tallata mini ba.

Haka ma wasu ranakun damina da gari ke wuni a lumshe, ana yayyafi da iska. Nan ma yana ɗan tallafawa.

Sai maganar wahalarsa. Farantin sola ba ya motsi, shara kawai yake so. Wannan kuwa abu ne mai juyawa a cikin ƙura. Bayan wata biyar ya fara wani ƙara kamar ana jan sarƙa. Muka kwantar da shi, muka tarar ƙura ta shiga boris ta haɗu da giris ta zama kamar yashi. An canja boris biyu, yanzu duk ƙarshen hunturu sai mun kwantar mun duba. Kusoshin farfela suna kwancewa a hankali, wayoyin ɗaure suna saki. Ƙaran juyawarsa bai dame ni ba don yana nesa da ɗakin kwana, kaji ma kwana biyu suka saba. Amma wanda zai kafa shi a kan rufin gida cikin unguwa ya sani girgizar tana bin bango.

Babban tashin hankalin a watan Yuni ya zo. Hadari ya haɗo daga gabas bayan isha'i, irin mai jan gaba. Ina gida cikin gari sai maigadi ya kira. Dattijo ne, ba ya cika kira. Ya ce, "Alhaji, fankar nan tana kuka kamar jirgi, kuma akwatin cikin ɗaki yana wari." Na ce, "Baba, akwai baƙin makunni a gefen hagu, ja shi ƙasa." Makunnin birki ne, yana haɗe wayoyin injin uku wuri guda sai farfelar ta yi nauyi ta rage gudu. Ya ja, amma iskar ta riga ta fi ƙarfin birkin. Batir a cike yake, duk wutar ta koma kan hita, hitar ta yi ja, kwantirola ta ƙone. Allah ya tsare ba ta kama ɗakin ba, kuma batir da inbata, mai mayar da wutar batir irin ta layi, ba su taɓu ba don mai haɗa wutar ya sa fis a tsakani. Wannan daren ne kaɗai injin ya ba da wat dubunsa har da ƙari, kuma a daren ne ban da inda zan zuba ta. Na koma shagon, suka ce garanti bai shafi hadari ba. Na sayi wata kwantirolar mai ƙarfi da hita babba, naira 95,000. Yanzu doka ce a gonar, da an ga gabas ta yi baƙi a ja birki tun iska ba ta iso ba.

Duk wannan ya canja yadda nake kallon ƙarafunan Lambar Rimi, da ma maganar da ake yawan yi cewa da an gama su da Katsina ta huta da ɗaukewar wuta. Na tambayi ƙanena kai tsaye, na ce da suna aiki duka a Oktoban 2024 ɗin nan, da ƙwaina sun tsira? Ya ce da wuya. Irin waɗannan injinan bin layi suke yi, ba su suke kafa shi ba. Wutar layin ƙasa tana da bugu kamar na zuciya, sau 50 a daƙiƙa, kuma manyan injinan gas da na madatsun ruwa masu nauyi su ke riƙe wannan bugun. Injin iska yana sauraron bugun ne ya zuba tasa wutar a kai. In layin ya mutu, shi ma kashe kansa yake yi, ko da iska tana kaɗawa, don kada ya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara. Sai in an haɗa shi da manyan batura da na'urorin da za su iya kafa bugun da kansu, sannan zai iya riƙe gari shi kaɗai. A gonata batir da inbata ne ke yin wannan aikin, shi ya sa nawa ke da amfani ranar da babu wutar layi.

Sannan megawat 10 ɗin ma irin wat dubuna ne, lambar kwali ce. A wuri mai kyau manyan injina kan ba da kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na abin da aka rubuta in aka auna shekara guda. Kuma masu tsara wutar ƙasa ba wannan ma suke dubawa ba in ana maganar dogaro. Tambayarsu ita ce, a daren da aka fi buƙatar wuta, misali daren Afrilu da kowa ya kunna fanka da firji, nawa za mu iya rantsuwa wannan tashar za ta bayar? Amsar kullum tana ƙasa da waccan. Ita ce dai tambayar da nake yi ƙarfe uku na dare da tocila a hannu.

Wannan ba ya nufin iska ba ta da wuri a layin ƙasa. Ni yanzu na fi yarda tana da shi, amma na san irin wurin. Denmak tana samun fiye da rabin wutarta daga iska, kuma tana cikin ƙasashen da ba a cika samun ɗaukewar wuta ba. Sirrin shi ne layukan da suka haɗa ta da Norwe da Suwidin da Jamus. Ranar da iska ta yi yawa ta tura musu, Norwe ta rage sakin ruwan madatsunta. Ranar da iska ta kwanta a saki ruwan a dawo mata da wuta. Ruwan ya zama batir ke nan. Mu ma muna da Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Iskarmu a rani take da ƙarfi, lokacin da ba a ruwan sama, don haka duk yunit ɗin da ta bayar a Janairu ruwa ne aka adana a bayan madatsa don watannin zafi. Ga kuma nisa. Yawancin wutar Najeriya daga tashoshin gas na kudu take tasowa, ta biyo layuka 'yan ƙalilan masu ɗaruruwan kilomitoci kafin ta iso mu. Abin da aka samar a nan kusa, ko na iska ko na rana, yana rage wa waɗannan layukan nauyi. Kuma in tashoshin suna warwatse, wasu a Katsina, wasu a tsaunukan Jos, wasu a Sakkwato, da wuya iska ta kwanta musu duka a sa'a ɗaya, saɓanin ni da turke ɗaya tal.

Amma layi ne gaba da komai. Kenya ta kafa injina 365 a gefen Tafkin Turkana, megawat 310, a wurin da iska ke kaɗawa kusan kullum. An gama kafa su a 2017, suka zauna fiye da shekara ba sa ba kowa wuta saboda layin fiye da kilomita 400 da zai kwashe ta bai kammala ba, sai a 2018. A Kudancin Ostireliya kuma, ranar 28 ga Satumba, 2016, guguwa ta kayar da turakun manyan layuka, tashoshin iska da dama suka cire kansu saboda yadda aka saita na'urorin kariyarsu, jihar gaba ɗaya ta faɗa duhu. Ba su tumɓuke injinan ba. Sun gyara saitin, a shekarar da ta biyo kuma aka kafa babban batirin Hornsdale mai megawat 100. Da na ji wannan sai na tuna kwantirolata da ta ƙone da fis ɗin da ya ceci batirina. Girma ne ya bambanta, ciwon iri ɗaya ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake tallata waɗannan ƙananan injinan yanzu a Facebook da TikTok, a nuna farfela tana gudu a ce ka rabu da sayen mai har abada. Mutane suna cikin ƙunci, kuɗin wuta ya tashi, na fetur ya tashi, mai ɗinki da mai kemis da mai sayar da ƙanƙara duk neman mafita suke. Mutum zai iya kwashe jarinsa ya saya ya kafa a tsakar gida, tsakanin benaye da itatuwa, inda iska ba ta da hanyar wucewa sai dai ta yi ta juyi. Irin wannan ko kuɗin turkensa ba zai mayar ba. Na san mutum biyu da suka zo gonata suka gani suka yi niyyar saye, na buɗe musu littafin, ɗaya ya fasa ya ƙara batir. Ɗayan yana da gona a kan tudu, fili fetal ba itace ko ɗaya ta arewa maso gabas, kuma ya riga ya cika rufinsa da farantai. Shi na ce ya saya, amma ya yi turken da ya fi nawa tsayi.

Ga wanda ke tambaya ko ya saya, tsarin da zan ba shi shi ne wanda na bi a baibai. Ya fara da batir mai kyau wanda zai kai shi asuba, sannan farantan da za su cika batirin ko da rana ta yi rauni, ya kuma bar janaretansa da mai a ciki. In duk wannan ya samu, wurinsa fili ne, kuma yana da abin da hazon kwana uku zai iya kashe masa, kamar ƙwai ko magani a firji, to injin iska yana da ranarsa. Ya tambayi mai shago gudun iskar da aka auna wat ɗin da shi, da faɗin farfelar, don faɗin ne ke kamo iska ba lambar kwali ba. Na ga wasu 'yan ƙanana da ba su fi faifai biyu ba an rubuta musu wat 3000, wannan kam ƙarya ce tsagwaronta. Ya tabbata akwai birki da hita da fis da sandar tsawa, kuma akwai mutum a wurin da zai ja birkin.

Ingancin ƙarfen nawa ba laifi. Hunturu biyu da damina ɗaya, farfela ba ta tsage ba, fenti bai tashi ba, wutsiya tana juyawa sumul. Kwantirolar da ya zo da ita ce ba ta da ƙarfi, takardar bayanin kuma ba ta faɗi komai a kan hadari ba, alhali shi ne abin da ya fi kamata ta faɗa.

Ban cire shi ba, kuma ba zan cire ba. A hunturu na biyu sau huɗu kacal na tada janareta, kuma littafin ya nuna aƙalla darare tara da batir ba zai kai asuba ba in da babu abin da iska ta zuba da hantsi. Na yi magana da mai walda za mu ƙara bututu turken ya kai mita goma sha biyar, da wayoyin ɗaure hawa biyu, kafin damina ta faɗi. Darbejiyar da ke arewa da shi ma za a rage mata kai. Ƙanena ya ce in sa ran ƙari amma kada in sa ran dare, don mita goma sha biyar ma tana cikin kwantacciyar iskar. Na sayi ƙaramin ma'aunin gudun iska zan ɗaura a tsakiyar turken, in ƙara masa shafi a littafin. Ƙwan zabi na farko za su shiga injin a watan Yuni, kuma na riga na nuna wa sabon yaron gona inda baƙin makunnin yake.